Tsohon keken Singer: 15, 66, 201 ko mai dogon kwarkwaro, wanne za ka ɗauka?

Baƙaƙen kekunan ɗinki na da, masu zanen ruwan zinare, daga nesa duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa mai sayarwa zai ce maka "ai wannan Singer ne na asali" ya ja bakinsa ya tsuke, a ganinsa ya gama bayani. Amma tun daga 1851 da Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, kamfanin ya ƙera samfura masu yawa, kuma abin da ke ƙarƙashin allura ya sha bamban daga wannan samfur zuwa wancan. Wanda zai sayi tsohon keke ya wanke shi ya tayar da shi, ko don ɗinki ko don ajiya, can ƙasa ya kamata ya fara leƙawa. Irin kwarkwaro (abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai) da ƙoshiya (gidan da kwarkwaron ke zama a ciki) da keken ke ci su ne za su gaya maka ko gyaran na mako guda ne ko kuwa za ka shekara kana yawon neman ƙarfe ɗaya.

Kafin a kai ga samfura, a san inda keken ya fito. A gaban gadon keken ta dama akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen. Singer ya adana kundin waɗannan lambobi, kuma ƙungiyar masu tara tsofaffin kekuna ta ISMACS ta sa jerin a intanet, don haka da wayarka kana tsaye a gaban mai kaya za ka iya gano shekarar da aka ware lambar, sau da yawa har da samfurin. Harafin K da ke bin lambar samfur, kamar 15K ko 99K, yana nufin masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotilan, wadda ta yi aiki tun shekarun 1880 har aka rufe ta a 1980. Ita ce ta riƙa ciyar da ƙasashen da Ingila ta mallaka, saboda haka a Najeriya da Gana masu K ɗin aka fi cin karo da su. Lambobin Clydebank daga 1935 suna farawa da haruffa biyu, na farkon E. Mai harafin B bayan lambar samfur kuwa daga Bonnières yake a Faransa, wanda ba abin mamaki ba ne a gan shi a Nijar ko Chadi.

Na fara da 15 domin shi kowa ya sani ko bai san sunansa ba. Asalinsa keken da Singer ya fitar a 1879. Alamarsa ba ta ɓuya: abin ɗaure zaren sama yana gefen hagu, a jikin farantin fuska, yana kallon gefe, ba a gaba yana kallon mai ɗinki ba. Kwarkwaronsa ana sa shi cikin ƙoshiya, a zura hannu ta ƙasa a maƙala ta a tsaye, ƙugiyar da ke kama zare kuma tana kai da komo ne, ba ta zagayawa gaba ɗaya. Duk telan da ya koyi sana'a a kan Butterfly ya riga ya san wannan tsari, domin Butterfly na birnin Shanghai, da kekunan Japan da aka yi ta ƙerawa bayan yaƙin duniya na biyu, da na Indiya irin su Usha, duk a kan tsarin 15 aka gina su. Wannan kwaikwayo shi ne babban arzikin tsohon 15 a wurinmu. Kwarkwaro, ƙoshiya, robar naɗa zare, ƴar wayar da ke tsalle a jikin abin ɗaure zare, bel, duk wani shagon kayan teloli daga Kano har Maradi yana da su, kuma sau da yawa suna shiga tsohon Singer ba gardama.

Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a sani. 15 iri biyu ne a wajen ƙoshiya. Tsofaffin, irin su 15-30, ɗan yatsan ƙoshiyarsu yana kallon sama ta dama, wajen ƙarfe ɗaya na agogo, kuma irin wannan ce kekunan kwaikwayo suka ɗauka, ita ce cike da kasuwa. Waɗanda suka zo daga baya a shekarun 1930, wato 15-88 na ƙafa, 15-89 na hannu, 15-90 da 15-91 na wuta, ɗan yatsan nasu yana kallon wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ƙoshiyar kasuwa ba ta zama a cikinsu. Hatta allura ba a sa musu ita iri ɗaya: a tsofaffin, gefen allura mai faɗi yana kallon dama, zare ya shiga daga hagu, a waɗannan kuwa akasin haka ne. Keke da yawa da aka ce "ya mutu, ba ya kama zare" lafiyarsa ƙalau, allurar ce kawai aka juya. Ribar ƴan bayan ita ce suna ɗinkin baya, abin da tsofaffin ba sa yi. To idan mai ɗinkin baya ka samu, kada ka biya kuɗi sai ka ga ƙoshiyarsa a ciki, ka kuma riƙe ta da kyau.

A wajen aiki 15 ba shi da tsirfa. Yana cin zare mai kauri, kwarkwaronsa yana ɗaukar zare fiye da na 66, yana ratsa kaki da jins ba ya kuka. Aibinsa ƙara: yana da ɗan kwaram-kwaram ko da an shayar da shi mai ya ƙoshi. Kuma saboda farin jininsa shi aka fi yi wa jabu. Ana samun keken kwaikwayo a fesa masa fenti a manna masa sunan Singer. Akwai ma na Singer ɗin kansa da aka ƙera daga baya a Asiya da tsohon zane, sunan gaskiya ne amma shekarun ba su kai ba. Lambar da ke gadon keken da tambarin tagulla da aka kafe da ƙusa a jikin ginshiƙin su ne shaidunka. Tambarin da aka zagaye da shuɗi, mai ɗauke da 1851 da 1951, na bikin cikar kamfanin shekara ɗari ne, masu tarawa suna son sa.

66 ya fito a Amurka a 1902, Clydebank ta fara nata bayan ƴan shekaru. A nan abin ɗaure zare ya dawo gaba, kuma babu ƙoshiyar da ake cirewa kullum: ka ja farantin, ka jefa kwarkwaro a kwance, ka rufe. Ga mai koyo ko dattijuwar da idonta ya fara rauni wannan sauƙi ne babba. Ɗinkinsa sumul, ƙararsa ba ta kai ta 15 ba, ga fili a ƙarƙashin hannun keken da zai ɗauki babbar riga. A wajen ado ma 66 ya yi fice. Na Amurka yana da zanen ja da zinare da masu tarawa ke kira Red Eye, na Clydebank kuma yana da zanen furanni da ake kira Lotus.

Matsalarsa a nan ita ce kwarkwaron. Na 66 da na 15 faɗinsu kusan ɗaya ne, amma na 15 gefensa a shafe yake kuma ya fi tsayi, na 66 gefensa ya ɗan yi tudu. Idan ka tura na 15 cikin 66 zai cije, zare ya dunƙule. Mai shago zai iya rantse maka duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Ana samun na 66, sai dai da nema, kuma wasu sababbin ba su da kyan ƙira. Keken da ya zo da tsofaffin kwarkwaronsa huɗu ko biyar a aljihun tebur ya fi wanda ya zo da ɗaya daraja nesa ba kusa ba. Abu na biyu, 66 na farko-farko ƙafar da ke danne yadi ta baya ake ɗaure ta, ba ta gefe ba, don haka ƙafafun kasuwa ba sa shiga sai an canja sandar da ke riƙe su. Kuma mafi yawansu ba sa ɗinkin baya. Ga wani abu da mai wanki ya kamata ya kiyaye: kusa da mazaunin kwarkwaro akwai ɗan jan ƙyalle a cuse cikin waya. Mutane suna zaton tarin ƙura ne su tsince shi da allura. Lagwanin mai ne, shi ke shafa wa ƙugiya mai, a bar shi a ɗiga masa digo ɗaya.

99 ƙanen 66 ne, an fitar da shi a 1911. Cikinsu ɗaya, kwarkwaronsu ɗaya, sai dai an rage girmansa zuwa kashi uku cikin huɗu. Yawanci yana zuwa cikin akwatin katako mai lanƙwasasshen murfi, da abin juyawa na hannu. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, ƙarfen zubi ne, yana kai wajen kilo goma. Amma gadonsa gajere ne, ba ya zama daidai a ramin teburin ƙafa na manyan kekuna. Wanda ke da niyyar ɗora keke a kan tsohon teburin da ya gada, 99 ba nasa ba ne.

Sai 201, wanda a ganina shi ne mafi kyan abin da Singer ya ƙera don gida. An fara sayar da shi sosai a 1935, aka ci gaba har farkon shekarun 1960, kuma a zamaninsa yana cikin mafi tsadar kekunan gida na kamfanin, da yawa da biyan kaɗan-kaɗan suka mallake shi. Ƙugiyarsa zagayawa take yi gaba ɗaya, giyoyin ƙarfe ne ke juya ta, saboda haka babu wannan fizga ta kai da komo. Idan aka wanke shi da kyau, ka murza tayar hannu ka saki sai ta ci gaba da juyawa, ƙarar da za ka ji ta allura ce tana huda yadi. Yana ɗinkin baya, ana iya sauke haƙoransa masu jan yadi da wani sukuru a ƙasa, kuma layin ɗinkinsa a kan shadda ko farin yadi mai laushi abin kallo ne. Daga 1954 Clydebank ta koma yi masa jiki na alminiyam mai sabon fasali, wasu ma ruwan ƙasa ne ba baƙi ba; cikin bai canja ba, nauyin ne ya ragu.

To me zai hana kowa ya ɗauki 201? Kwarkwaron 66 yake ci, ka ga matsalar nema ta biyo shi. Sannan babu wanda ya cika kasuwa da kwaikwayonsa, don haka in ƙugiyarsa ta karye ko mazaunin kwarkwaro ya ɓata, sai ka sami wani mataccen 201 ka cira, ko ka yi oda daga waje. Ba ya kuma yafe ƙazanta kamar 15: guntun zare ɗaya a cikin ƙugiya ya isa ya tsayar da shi cik. Kuma a duba yadda ake tuƙa shi. 201K1 na ƙafa ne, 201K4 na hannu, 201K3 yana da inji da bel a waje. Waɗannan duk ana iya mayar da su na ƙafa ko na hannu. Amma 201-2, kamar 15-91, injinsa a manne yake a bayan keken yana juya shi da giya, ba a raba su cikin sauƙi. Na Amurka wutar 110 suke sha, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, ka soka shi kai tsaye ka ƙona shi. Ga wayoyin ciki da robarsu ta bushe tana marmashewa, waɗanda dole a sabunta kafin a kusanci soket. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, keken da ba ya motsi sai da ita ya rasa rabin amfaninsa. Nemi mai tayar hannu mai sanduna, ita ce ke karɓar abin juyawa na hannu.

Wannan hujja ta wuta ce ta sa ba zan daɗe a kan 221 ba, wanda ake kira Featherweight. Ya fito a 1933, alminiyam ne, kilo biyar kacal, masu tarawa a Amurka da Turai suna rububinsa har farashinsa ya wuce na sauran. Amma na wuta ne zalla, kwarkwaronsa daban ne, ba na 15 ba ne ba kuma na 66 ba, ƙoshiyarsa in ta ɓata kuɗinta ya isa ya sayi wani keken. Wanda ya tsince shi da araha ya ɗauka ya adana. Wanda ke neman abin ɗinki ya wuce.

Masu dogon kwarkwaro, wato 27 da 127 da ƙannensu 28 da 128, labarinsu daban ne. Tsarin tun shekarun 1880 yake. Za ka gane su da farantai biyu dogaye a kan gado, a ƙarƙashinsu ƙoshiya mai tsini kamar harsashi tana lilo gaba da baya. Su ne suka fi kowa ado, musamman masu zanen gunkin Masar na Sphinx, kuma cikinsu a fili yake, ko yaro ya kifa keken zai gane abin da ke tura wane. Allurar da suke ci ita ce ta yau da kullum, 15x1, wadda ake rubuta wa HAx1 ko 130/705H a jikin fakiti, irin wadda 15 da 66 da 99 da 201 duk suke ci. Amma dogon kwarkwaro zare kaɗan yake ɗauka, ba ɗinkin baya, in an yi sauri keken ya yi ta girgiza, kuma tsinin ƙoshiyar in ya cinye sai tsallaken ɗinki. Samun wata a kasuwanninmu sai an dace. Farantin gaba ma yakan zame ya faɗi, shi ya sa rabin waɗanda za ka gani ba su da shi. Keke ne na sha'awa. In ya zo cikakke, a saya a ji daɗinsa, amma kada a ɗora masa ɗinkin sallah.

Wani abin da ke hargitsa ciniki shi ne jita-jitar wai akwai wani jan sinadari mai tsada a cikin tsofaffin Singer. A watan Afrilun 2009 wannan magana ta tashi a Saudiyya har aka ba da rahoton ana sayen keke ɗaya riyal dubu 200, mutane suna kara waya a jikin allura wai in layi ya ɗauke to akwai shi. Babu komai a ciki sai ƙarfe da tsohon mai. Idan mai kaya ya fara kawo maka wannan zance don ya ɗaga farashi, yi masa sallama.

Yanzu ga lafiyar keken da ke gabanka, wadda sau da yawa ta fi samfurin muhimmanci. Keken da ya cije ba ya juyawa bai cika ba ni tsoro ba, hasali ma shi ne mai araha. Yawanci tsohon mai ne ya bushe ya zama ƙaro, musamman inda aka yi ta ɗura masa man gyaɗa ko baƙin mai, ƙurar hunturu ta zo ta haɗu da shi. Kananzir a kowace gaɓa ta ciki, a bar shi ya kwana, a ɗan motsa taya a hankali, a sake, har ya saki. Daga nan a bi da farin man keke. Abin da ke ba ni tsoro shi ne tsagewa a ƙarfen zubi, domin walda ba ta cika riƙe shi da kyau ba, da sandar allura mai girgiza in ka kama ta, da ƙugiyar da bakinta ya guntule. Je da ƙyallenka da zarenka da sabuwar allura lamba 14, ka ɗinka da hannunka kafin a yi ciniki. Kuma duk sukurun da ka kwance ka adana shi a gwangwani, domin Singer da irin zaren sukurunsa yake aiki, na shagon kayan gini ba ya shiga. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai, sukurorin da ke riƙe saitin allura da ƙugiya kuma kada ka taɓa su in ba dole ba.

Jikin waje shi ne inda ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Baƙin fentin gasa shi aka yi, yana da ƙarfi. Zanen zinaren kuwa a kansa aka manna, aka rufe da wani siririn ƙaro mai sheƙi, kuma wannan ƙaron sifirit yana narkar da shi nan take. Ke nan man wanke hannu na zamani da turaren fesawa duk abokan gabarsa ne, abin lura ga keken da ke zaune a ɗakin mata kusa da madubi. Ruwa da omo kuma suna mayar da zinaren fari fat inda ƙaron ya riga ya zube. Auduga da man keke kawai, a shafa a hankali, a canja audugar in ta yi baƙi, a fara gwadawa ta baya inda ido ba ya kaiwa. Farantai da sauran fararen ƙarafa a cire su a wanke daban. Tsatsa tana fita da soson ƙarfe mai laushi da mai, amma soson nan kada ya kusanci fenti. Teburin katako a duba ƙasansa saboda gara. Ƙafafun ƙarfen kuwa in ba su karye ba, mai da sabon bel na fata kawai suke jira.

Batun sake fenti ya danganta da wanda ke hannunka. 15 da zanensa ya riga ya goge, tsatsa ta fara cin gado, fesa shi ba laifi, aiki za a yi da shi. Amma 66 mai Lotus ko 127 mai Sphinx, ko rabin zanen ne ya rage, fenti yana kashe darajarsa a wurin masu tarawa, sabon zanen da ake mannawa kuma daga nesa ake gane shi.

Idan ni za a tambaya, wanda zai ci abinci da keken, ko yake zaune a garin da ba a yin oda daga waje cikin sauƙi, ya ɗauki 15 mai ƙoshiyar da ɗan yatsanta ke kallon ƙarfe ɗaya na agogo a kan teburin ƙafa. Ba shi ne mafi daɗin ɗinki ba, amma duk abin da ya lalace a jikinsa da yamma za a iya samo shi da safe, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Wanda ya riga yana da keken aiki, yana son na biyu don kyan layi a kan shadda, ya jira 201K mai tayar sanduna, ya tabbatar mazaunin kwarkwaro da ƙugiya suna nan lafiya, ya tattara duk kwarkwaron da mai kaya ke da shi. 99K na hannu ya dace da ƙaramin ɗaki da mai koyo. 66 ina sa shi a bayan 201 ne kawai domin wahalar kwarkwaronsu ɗaya ce, 201 kuma ya fi biyan wahalar, sai fa in zanen Lotus ɗin ne ya kama maka ido. Kuma in aka ajiye maka 201 mai guntulalliyar ƙugiya kusa da 15 da ya cije amma komai nasa na nan, biya kuɗin 15 ɗin, ka biya ta wajen mai kananzir a hanyar gida.